Awon La'asar da Fitilar Dillali

Tun ranar da ya fara shigowa ofishinta Dakta ta ji ba ta yarda da mutumin nan ba. Ba wani laifi ya yi mata ba. Ya yi sallama, ya jira aka ba shi izini, ya ɗauke tarin takardun da ke kan kujerar baƙi ya ajiye a gefe a tsanake. Amma takalminsa ya cika ƙyalli, ga wayoyi uku da ya jera a bakin teburinta, kuma kafin ya iso ƙofa ta jiyo shi a baranda yana tambayar masinja jikin mahaifiyarsa. Shekarar Dakta tara a cibiyar binciken nan, ba ta taɓa sanin uwar masinja tana kwance ba. Duk wanda ya san haka a zuwan farko, in ji zuciyarta, akwai abin da yake nema.

Katin da ya miƙa mata ya ce shi jami'i ne mai haɗa masu bincike da masu tsara manufofin gwamnati, a wata ƙungiya mai dogon suna. 'Yan cibiyar ba su wahalar da bakinsu ba, Dillali suke ce masa, shi kuma yana amsawa da fara'a.

"Na karanta rahotonki, ranki ya daɗe," in ji shi.

"Duka?"

"Har jadawalin can baya, inda kika ware mata manoma daban, 'yan kasuwa daban. Wurin ya fi ko'ina burge ni."

Maimakon ta ji daɗi sai ta ƙara tsarguwa. Shugaban cibiyar kansa bai wuce gabatarwa ba, kuma shi ya sa hannu a rahoton.

Abin da ke cikin rahoton ba mai wuyar ganewa ba ne, ko da yake ya ci mata shekara huɗu da shafi ɗari biyu. A ƙananan asibitocin karkara da safe ake awon ciki, azahar na yi a rufe ɗaki. Da safen nan kuwa matan suna gona, ko kasuwa, ko layin ruwa. Sai a zauna a ofis a rubuta cewa matan karkara ba sa son awo, a buga fastoci ana yi musu nasiha. Dakta ta nemi izinin gwaji daga ma'aikatar lafiya, aka mayar da awo bayan la'asar a asibitoci goma sha biyu. Ko allura ba a ƙara saya ba. Masu zuwa awo suka kusa ninkawa, aka riƙa gano masu hawan jini da masu ƙarancin jini tun abin bai zo da tsautsayi ba.

Matsalar ita ce izinin na gwaji ne, ƙarshen shekara zai ƙare. In ma'aikata ba ta sa awon la'asar cikin sabon tsarin da take rubutawa ba, asibitocin nan goma sha biyu za su koma yadda suke, sauran ɗaruruwan kuwa ba su ma san an yi ba. Dakta ta aika rahotonta ma'aikata ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Kowane karo a buga masa hatimi a ce an karɓa, shi ke nan.

"Shafi biyu zan mayar da shi," in ji Dillali. "Daraktan ma'aikatar lafiya a mota yake karatu, tsakanin wannan taro da wancan."

"Shekara huɗu a shafi biyu?"

"Da zan samu ya shiga ɗaya ma, da ya fi."

Dakta ta cire tabarau ta dube shi da kyau. "Malam, wa ke biyanka?"

"Masu ba da tallafi. Su ɗin da suka ɗauki nauyin bincikenki."

"Ni na san abin da na ba su. Kai me kake ba su?"

Ya yi dariya har wayarsa ɗaya ta zame ya cafe ta. "Ƙofa, Dakta. Na san wa ake gani kafin a ga wa, da ranar da ba a zuwa wa Darakta da sabuwar magana. Ba ilimi ba ne irin naki, amma ana cin abinci da shi."

Da ta koma gida ta tarar da maigidanta, malamin lissafi ne a sakandare, ya baje takardun jarrabawa a kan teburin cin abinci, yara sun koma tabarma da kwanukansu. Ta ba shi labari tana cire takalmi. Ta faɗi wayoyi ukun, ta faɗi uwar masinja.

"To laifinsa dai ya gaida mara lafiya," in ji shi, bai ɗago ba.

"Abban yara, ba ka ganewa. Mutumin ya fiye santsi."

"Ke kuma kin fiye kaushi, shi ya sa rahotonki yake maƙale a ma'aikata. Ki bar mai santsin ya gwada mana."

Ta yi tsaki ta shige kicin. Amma washegari ta aika wa Dillali duk alƙaluman da ya nema, domin shekara ta fara gangarawa kuma ba ta da wata dabara.

A gaskiya shafi biyun farko da ya kawo ba su da aibu. Dakta ta karanta da jan biro a hannu tana neman inda za ta soka, ba ta samu ba, abin har ya ba ta haushi. Ya kwashe duk kalmomin da ta sha wuya ta koya a jami'a ya zubar, ya bar maganar tsirara, kuma maganar tata ce. Ta ce masa ya je da shi.

Ya ɓace mata na ɗan lokaci. Da ya dawo, takardar ta canza kama. A sama an rubuta da manyan haruffa: Haske Domin Iyaye Mata. Ƙarƙashi ga hoton wani ƙaramin asibiti da fitila mai aiki da hasken rana a bakin ƙofarsa. Sakin layi na farko fitila, na biyu fitila, na uku yawan asibitocin da za a kafa wa fitila. Sai a na huɗu aka ce duk asibitin da ya karɓi fitila dole ya riƙa awon ciki bayan la'asar, kamar yadda binciken Dakta ya nuna amfaninsa.

"Wannan fitilar daga ina?" in ji Dakta. "Ni na binciki fitila? Awon namu kafin magariba ake gamawa, rana na nan tsaye!"

Dillali ya ja kujera ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba, alamar yau da magana ya zo.

"Na kai musu na farkon, Dakta. Darakta ya karanta, ya ce ma sha Allah, ya ajiye. Kin san dalili? Abin da kika gano kyauta ne. Ba a saye, ba a kafawa, ba a ƙaddamarwa. Minista zai je ƙauye ya yanke ƙyalle a kan me, a kan agogo? Masu tallafi kuma in sun koma gida hoto ake tambayarsu. Canjin lokaci ba ya fita a hoto. Kuma in aka ce ma'aikatan asibiti su zauna har yamma haka kawai, ƙungiyarsu za ta tada ƙura, Darakta ba ya son ƙura. Amma in an ce ga fitila an kawo muku, ga sharaɗinta, kowa ya samu abin riƙewa. Fitilar jaki ce kawai, kayanki ne a bayanta."

"Wa ya kawo shawarar fitilar? Kai ko su?"

"Magana ce ta taso a zaune."

"Ta taso daga bakin wa?"

Ya yi murmushi ya duba wayarsa ta tsakiya. Wannan murmushin shi ya tsaya wa Dakta a rai. Mutumin da ke da amsar kowace tambaya, yau an zo kan guda ɗaya ya koma duba waya.

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce ya ba ta lokaci.

Ana cikin haka wata rana ta je ma'aikata karɓo wata takarda, tana fitowa ta hango shi a wurin ajiye motoci. Yana jingine da wata farar mota mai ɗaukar kaya, an manna mata hoton faranti mai zuƙar hasken rana a gefe. Shi da wani ƙaton mutum mai zobba a yatsu suna tafawa suna dariya, irin dariyar waɗanda suka daɗe da sanin juna. Dakta ta lafe a bayan wata bas kamar ita ce mara gaskiya, ta tsaya har suka rabu. Mai zobban ya dafa kafaɗar Dillali ya raɗa masa wani abu kafin ya shiga mota.

Ta buga masa waya nan take, tana kallonsa daga inda take.

"Malam, kana ina?"

"Ina ma'aikata, ranki ya daɗe. Yanzu na rabu da wani ɗan kwangilar fitilu, farashi nake tambaya kada mu rubuta abin da za a yi mana dariya."

Ta so ƙwarai ya yi mata ƙarya. Da ya ce yana gida ko yana hanya, da ta huta, ta san inda ta ajiye shi. Sai ga shi ya faɗi gaskiya, ko kuma rabinta, ko kuma ya hango ta ne tun farko. Ta koma mota ranta a jagule.

"Farashi ake tambaya da dafa kafaɗa?" ta ce wa maigidanta da yamma.

"Ni ma mai gyaran babur ɗina yana dafa kafaɗata, kuma ba mu haɗa jari ba."

"Kai komai wasa ne a wurinka."

Ya ajiye biro ya dube ta. "To ba wasa. A ce yana da kaso a kwangilar. A ce ma kamfaninsa ne. Matan za su samu awon la'asar ko ba za su samu ba?"

"Da sunana za a sayi fitilun."

"Na ji. Za su samu ko ba za su samu ba?"

Ta miƙe. Ta ɗauki waya ta fita tsakar gida ta kira ƙanwarta, autarsu, wadda ungozoma ce a ɗaya daga cikin asibitoci goma sha biyun. Ta zayyana mata komai, tana jiran Auta ta taya ta faɗa.

"Fitila? Kai, Yaya, Allah ya kawo! Kin san da tocilan waya muke karɓar haihuwa in ta zo a duhu? Ni a baki nake riƙe tawa."

"Ba wannan ake magana ba, Auta. Cewa za a yi bincikena ne ya nuna a sayi fitila."

"To ke dai ki yi yadda za ki yi kada a mayar da mu safe. Jiya mata talatin na auna. Da can in na samu goma sha biyar na gode Allah. Akwai wata da na tura babban asibiti, jininta ya hau ba ta ma sani ba, cewa take ciwon kai ne na rana."

Dakta ta kashe wayar. Kowa yana ganin abin da sauƙi, ita kaɗai ke jin ƙaiƙayinsa. Da safe ta aika wa Dillali saƙo cewa ta yarda a kai takardar, amma kada a taɓa sakin layi na huɗu ko da wasali ɗaya. Ya amsa da cewa a kan wannan sakin layin yake wannan wahalar duka. Ta karanta saƙon ta ce a ranta, haka za ka ce mana.

Aka sa ranar taron amincewa da tsarin a wani otal. Kafin ranar Dillali ya zo ofishinta ya yi mata bita kamar mai shirya ɗaliba.

"Ni zan gabatar. Ke ki zauna a gaba a gan ki, shi ne aikinki. In an tambaye ki, ki ce bincikenki yana goyon bayan wannan tsari. Gaskiya ce ai, yana goyon bayan sakin layi na huɗu, sakin layi na huɗu kuma cikin tsarin yake."

"In aka tambaye ni fitila fa?"

"Ba mai tambaya. Kowa yana sauri a tashi a ci abinci."

"Na ce in aka tambaya."

"Sai ki ce awon yamma yana tafiya da haske, ki yi shiru. Kada ki yi bayani, Dakta, don Allah. Ku masu bincike bayani ne ke kashe ku."

Ɗakin taron sanyi kamar firji. An jera tebura da fararen ƙyallaye, gaban kowa gorar ruwa da alewa biyu da kati mai ɗauke da muƙaminsa. Darakta yana tsakiya yana ta sa hannu a wasu fayiloli da ba su shafi taron ba. A gefensa wakiliyar masu ba da tallafi, wata siririyar mace mai furfura da ba ta taɓa alewarta ba, ta buɗe takardar Dillali tana ja mata layi. Can layin baya, kusa da ƙofa, Dakta ta hango mai zobba. Ba shi da kati a gabansa, amma an ba shi ruwa.

Dillali ya tashi ya yi abin da ya iya. Wallahi ya iya. Ya sa majigi ya nuna asibiti cikin duhu, ya nuna shi cikin haske, ya kawo alƙaluman Dakta ya ɗora a kai, har ita kanta ta ji kamar fitilar ce ta kawo matan. Da ya ambaci sunanta aka juyo aka tafa mata. Darakta ya rufe fayil ya ce in ba mai magana sai a amince a tashi.

Wakiliyar ta ɗaga biro.

"Tambaya ɗaya gare ni, ga Dakta. Cikin asibitoci goma sha biyun da kika yi gwaji, nawa ne ke da irin wannan fitila?"

Aka miƙo wa Dakta abin magana. Ta ji idon Dillali a gefen fuskarta. Amsar da ya koya mata tana nan a bakinta, gajeriya, ba ƙarya a cikinta in an bi ta kalma kalma. Ta tuna mata talatin na Auta. Sai kuma idonta ya kai layin baya, ta ga mai zobba ya daina danna waya ya zuba mata ido yana jira, kamar ita ma ma'aikaciyarsa ce. Nan ranta ya ɓaci.

"Ko ɗaya," in ji ta.

"Wato ƙaruwar da aka samu, ba fitila aka same ta?"

"Ba fitila. Ni ban binciki fitila ba, ban san abin da take ƙarawa ko ragewa ba. Lokaci kawai muka canza, kuma kafin magariba ake tashi. Abin da ake bukata takarda ce guda daga ma'aikata, a ce awo ya koma bayan la'asar. Ba sai an kashe komai ba."

Ta so ta tsaya nan, amma bakin malami in ya buɗe sai ya kai aya. Ta yi bayanin manoma da 'yan kasuwa, ta yi bayanin yadda aka zaɓi asibitocin. Tana magana tana jin sauƙi a ƙirjinta, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba.

Wakiliyar ta gode mata sosai, ta ce irin wannan gaskiyar ake so. Sannan ta juya ga Darakta ta ce tun da abin ba ya bukatar kuɗi, ai ma'aikata za ta iya yinsa da kanta, su kuma ba za su iya sa hannu a sayen fitila da wannan hujjar ba. Darakta ya ce haka ne, haka ne, za a kafa kwamiti ya duba. Ya faɗi kalmar kwamiti yana kallon Dakta da wani irin sanyin ido. Aka tashi cin abinci.

A layin abinci ba wanda ya tsaya kusa da ita. Dillali ne kawai ya zo ya miƙa mata faranti.

"Kin yi bayani," in ji shi a hankali.

"An tambaye ni."

"An tambaye ki." Ya wuce wurin Darakta yana gyara murmushinsa.

Daga nan Dakta ta ɗaura ɗamarar yin dillancin da kanta. Ta rubuta shafi ɗaya, ta cire duk manyan kalmomi, ta kai ma'aikata da hannunta. Ta san ɗakin jiran Darakta kamar falonta: doguwar kujera mai yagaggen hannu, kalandar bara, fankar da ke juyawa gefe ɗaya kawai. Sakatariyar tana da ladabi ƙwarai. Yau yana taro, gobe ya yi tafiya, jibi ya shigo amma ya fita ta ɗaya ƙofar. Kwamitin kuwa ba a taɓa jin wanda aka naɗa a cikinsa ba. Maigidanta ya daina tsokanarta a kan maganar, wannan ya fi tsokanar ciwo.

Shekara ta ƙare, izinin gwaji ya ƙare da ita.

Bayan 'yan watanni masinja ya ajiye mata katin gayyata a tebur. Ma'aikatar lafiya tana gayyatarta ƙaddamar da shirin Haske Domin Iyaye Mata. An haɗo da takarda mai shafi biyu. Hoton nan ne dai, taken nan ne dai, sai dai yanzu hujjar binciken wani farfesa ce daga wata jami'a, a kan haihuwar da ke zuwa cikin duhu. Dakta ta san aikin, ba shi da laifi. Ta bi takardar da yatsa tana neman sakin layi na huɗu. Uku ne kawai.

Ta kira Dillali ta ce ya zo. Ya zo kuwa, ya ɗauke takardun kan kujera kamar ranar farko.

"Ina awon la'asar?"

"Farfesa bai binciki lokaci ba, Dakta. Ba zan sa masa abin da bai bincika ba. Ke kika koya mini."

"Kada ka raina mini hankali."

"Ban raina ba. Sharaɗin naki ne, da sunanki ya shiga. Da kika fita, ba abin da zan rataye shi a jiki. Na gwada, Darakta ya ce kada in sake kawo masa maganar matar nan."

"Amma fitilar ba ta fita ba."

"Fitila tana da masu so."

Dakta ta tashi ta rufe ƙofa ta dawo ta tsaya a kansa. "Zan tambaye ka abu ɗaya, ka dubi Allah ka gaya mini. Kana da kaso a kwangilar nan?"

Fara'ar ta bar fuskarsa, karo na farko tun da ta san shi. Ko ciwon tambayar ya ji, ko kama shi aka yi, ta kasa ganewa, kuma ta duba da kyau.

"In na ce ba ni da shi, za ki yarda?"

Ta koma kujerarta ta zauna.

"To kin gani." Ya tattara wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. A bakin ƙofa ya juyo. "Akwai wani tsarin da za a rubuta nan da shekara uku. In kina so, a fara shiri tun yanzu."

"Da wane jakin?"

"Duk wanda ke tafiya a lokacin," in ji shi, ya ja mata ƙofa a hankali.

Ba ta je ƙaddamarwar ba. Ranar da ta samu sarari ta ɗauki mota ta tafi wurin Auta, don ta kai mata wasu kaya da mahaifiyarsu ta aiko. Ta isa bayan la'asar. Daga nesa ta hango sabon ƙarfe dogo a bakin asibitin, da farantinsa a sama yana kallon rana, an ɗaure masa allo mai tambarin ma'aikata da na masu tallafi. Aiki mai kyau, ba ta ga abin kushewa ba.

Ɗakin awo a kulle yake. Shugaban asibitin ya tashi tun azahar da makullan a aljihu, haka doka ta ce yanzu. Auta tana tsaye a baranda ba rigar aiki, a gabanta mata shida ko bakwai zaune a kan dakali, ƙafafunsu da ƙurar gona, kowace da katin awo a hannu. Daga wani ƙauye mai nisa suke, labarin canjin bai kai musu ba.

"Ku yi haƙuri, da safe ne yanzu," Auta take ce musu. "Ku zo da safe."

"Da safe wa zai yi mana aikin?" in ji wata. Ba faɗa take ba, tambaya take.

Suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, masu tsohon ciki suna dafa bango. Wata mai ɗan shekaru, ƙafafunta a kumbure har sun cika silifas, ta tsaya tana kallon Dakta, sai fuskarta ta washe.

"Lah, ba ke ce mai tambayoyin nan ba? Kin zo gidanmu da takarda, har kika zauna a kan turmi."

"Ni ce," in ji Dakta.

"Kika ce duk abin da muka faɗa za ki kai wa manya. Kin kai kuwa?"

Auta ta sunkuyar da kai. Dakta ta dubi ƙafafun matar, ta san abin da kumburin nan yake iya nufi, kuma abin awon jini yana bayan ƙofar da ke kulle.

"Na kai," in ji ta.

"To madalla, Allah ya saka. Sai mu jira su ke nan."

Matar ta soke katinta a bakin zane ta bi sauran. Dakta ta bi ta da sauri tana laluben makullin mota a jaka, ta ce ta zo ta kai ta babban asibiti a duba ta yanzu. Matar ta yi dariya ta ce yau kam ba hali, ba ta ɗora tukunya ba, yara na jira.